Daga Fadama zuwa Tudu: Yadda Kasuwa ta Zama Cibiyar Maraɗi

A daminar 1945 Gulbin Maraɗi ya yi ambaliyar da ta cinye mafi yawan tsohon birni. Gidajen ƙasa suka narke, rumbuna suka zube, jama'a ta kwashe abin da ya saura ta haura tudu. Ana yawan ba da wannan labari a matsayin labarin masifa, kuma masifa ce. Sai dai wanda ya dubi taswirar garin zai gane cewa ruwan nan ne ya yanke wata shari'a da ta daɗe tana jiran hukunci, watau ko Maraɗi za ta ci gaba da zama birnin sarauta mai fuskantar ƙofar fada, ko kuwa za ta koma garin ciniki mai fuskantar kasuwa.

Tsohon birni ba don ciniki aka kafa shi ba. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunanta suka yi gudun hijira zuwa arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa gadon mulki a Maraɗi a wajejen 1819. Shi ya sa har yanzu sarautar garin take amsa sunan Sarkin Katsina. An zaɓi kwarin gulbi ne saboda duhun dajinsa yana hana dawakin abokan gaba sakewa, ga ruwa, ga ƙasar noma. Dukiyar wancan zamani daga yaƙi take fitowa, kuma manyan ayarin fatake sun fi bin Kano da Damagaram. Ko da Faransawa suka zo, a Tasawa suka fara girka barikinsu. Sai a 1927 aka mai da mazaunin kwamanda zuwa Maraɗi.

Abin da ya jawo hankalin Nasara ba ganuwa ba ce, gujiya ce, wadda Kanawa suke kira gyaɗa. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kuma iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarnin ta bar Maraɗi kimanin kilomita 50 kacal daga ƙasar Ingilishi. Ƙasar jigawa da ke kewaye da garin tana karɓar gujiya sosai. Talaka kuwa yana bukatar tsabar kuɗi don biyan haraji, ba shi da wata hanyar samun su da ta wuce ya noma abin da Bature yake saye. Ta haka kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA da Compagnie du Niger Français suka buɗe kantuna, ƴan kasuwa Kwarori suka biyo baya, aka kuma gina masana'antar matse mai ta Siconiger a shekarun 1940.

Da ruwa ya rushe birni, hukuma ta yanka filaye a kan tudu, ta ja tituna miƙaƙƙu masu gitta juna kamar gidan dara. Unguwanni suka hauro da sunayensu, Bagalam da Ƴandaka da Maradawa da Limanci da sauransu, aka gina wa sarki sabuwar fada da dandali a gabanta. Amma tituna masu faɗi ba don hawan salla aka yi su ba, an yi su ne don kamyo ya shiga ya fita da buhuna. Kasuwa da kantuna da shagunan ajiya da tashar mota suka haɗu wuri guda, kuma wannan wuri, ba ƙofar fada ba, shi ne ya zama inda ake kwana ana tashi da lissafi. A 1950 mutanen garin ba su kai dubu 10 ba.

A nan ne ya kamata a dakata a dubi yadda cinikin yake tafiya, domin daga cikinsa attajiran Maraɗi suka fito. Bature ba ya jin Hausa sosai, bai san ƙauyuka ba, ba ya kuma iya bin manomi bashi. Saboda haka idan kaka ta yi sai kamfani ya danƙa wa wani amintaccen ɗan gari kuɗi da buhuna da sikeli. Shi kuma ya rarraba kuɗin ga yaransa, su bazu kasuwannin ƙauye suna auna gujiya da tiya. Ladan da kamfani yake biya a kan kowane tan ba shi da yawa. Riba tana cikin awo, da cikin bashin da ake bai wa manomi da damina, lokacin da rumbu ya ƙare, a karɓa da gujiya a kan farashi mai rahusa. Idan ciniki ya watse, wannan mai saye ya karɓi yadi da gishiri da sukari da kananzir daga kantin Baturen nan, ya sake mai da su ƙauye, kuɗin da ya biya manomi su dawo hannunsa. Ba sana'a ba ce mai tsarki duka, kuma tsofaffin manoma ba su manta da sikelin ƴan baranda ba. Amma makaranta ce, kuma a cikinta aka koyi riƙon amana da juya kuɗin wani.

Jarin da ya fi kowane muhimmanci shi ne mutane. Ubangida yana ciyar da baransa, ya yi masa aure, ya biya masa kuɗin suna, wata rana ya sallame shi da jari. Bara kuma ya yi masa aiki ba da albashi ba, ba da takarda ba. Emmanuel Grégoire, wanda ya wallafa littafi a kan alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna cewa wannan arzikin mutane shi ne ginshiƙin arzikin kuɗi. Sunan Alhaji ma a wannan zamani ya sauya nauyi. Da can mahajjaci yakan bi ta Cadi da Sudan a ƙasa, ya yi shekaru bai dawo ba, wani ma ya zauna can. Da jirgin sama ya samu, aikin hajji ya koma abin ƴan makonni ga mai hali, sai laƙabin ya zama shaidar ibada da shaidar wadata a lokaci guda.

Bayan samun ƴancin kai a 1960 gwamnatin Diori Hamani ta so ta karɓe ragamar ciniki daga hannun kamfanonin waje. A 1962 aka kafa SONARA don sayar da gujiya a ƙetare, da Copro-Niger don shigo da kayan masarufi, ga kuma bankin BDRN da yake ba ƴan ƙasa rance. Kamfanonin Turawa suka fara ja da baya, alhazai suka matsa cikin gurbin da suka bari. Noman gujiya ya kai ƙololuwa a wajejen 1966 da 1967. Daga nan fari ya sauka, ya yi ta tsananta har 1974, kuma a 1975 cuta ta gama da abin da fari ya rage. A bisa ƙa'ida, garin da gujiya ta gina ya kamata ya bushe tare da ita.

Bai bushe ba, domin kafin nan ƴan kasuwarsa sun gano cewa iyakar kanta gona ce. Yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya dagula hanyoyin da arewacin ƙasar yake samun kaya daga teku, sai Maraɗi ta zama ƙofa. Bayan yaƙi kuɗin man fetur suka cika Nijeriya, gwamnatinta kuma ta riƙa hana shigo da wasu kayayyaki don ta kare masana'antunta. Taba sigari da atamfa, daga baya shinkafa da gwanjo, sai su sauka a tashar Kwatano, su hau jirgin ƙasa zuwa Faraku, kamyo ya kawo su shagunan Maraɗi. A wannan gefe halal ne, an biya duwan. Da zarar sun wuce Ɗan Isa sun nufi Jibiya da Katsina, sunansu ya sauya. Daga can kuma man fetur da taki da kayan masana'antun Kano suke kwararowa. Abokan hulɗar duk Hausawa ne, galibi akwai auratayya ko tsohuwar amana a tsakani, kuma miliyoyi suna sauya hannu a kan kalmar baki. Ƙidayar 1977 ta sami mutum sama da dubu 44 a garin, ta 1988 ta sami sama da dubu 110.

Kuɗin nan sun bar alama a tsakiyar gari: benaye na siminti, manyan shagunan ajiya masu ƙofar ƙarfe, gidajen mai, jerin motocin dakon kaya, da masallatai da makarantun islamiyya da attajirai suka gina da aljihunsu. Abin da ba su bari ba shi ne masana'antu masu ɗorewa. An gwada, har da majemar SONITAN da aka kafa saboda fatar jar akuyar Maraɗi, wadda ta yi suna a kasuwannin duniya, amma mafi yawansu ba su yi tsawon rai ba. Ana zargin alhazai da rashin hangen nesa a kan wannan, sai dai zargin bai cika adalci ba. Wanda zai iya juya kuɗinsa sau da yawa a shekara a kan taba da yadi, ba zai binne su a injin da kayan Kano masu arha za su kashe ba, balle duk lokacin da naira ta faɗi. Inda zargi ya fi kama su shi ne abin da yake na kowa da kowa. Magudanun ruwa da kwashe shara da tsarin rumfuna ba su bi saurin benaye ba, kuma kwazazzabai sun yi ta cin bakin tudun da aka gudo a kansa.

Raunin wannan arziki ya bayyana a Afrilun 1984, sa'ad da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki ta kuma sauya takardun naira. Rufewar ta haɗu da fari, har talakawa suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan El Buhari, kuma ba a buɗe ba sai a Maris na 1986. BDRN ya durƙushe a 1990 da tarin bashin da ba a biya ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. An sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka kuma rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa farkon 2024. Kowane karo shawarar da aka yanke a Ikko ko Abuja ko Paris takan iso rumfunan Maraɗi kafin ta iso ofisoshin Yamai.

Gyaran fuska mafi girma da garin ya gani a ƴan shekarun baya daga gwamnati ya zo, ba daga ƴan kasuwa ba. Bikin 18 ga Disamba na 2015, wanda aka yi wa suna Maraɗi Kwalliya, ya kawo kwalta da fitilun titi da sabbin gine-gine. A lokacin garin ya riga ya wuce mutum dubu 267 bisa ƙidayar 2012, ya sami jami'a, unguwanni irin su Zariya sun miƙe nesa da tsohuwar cibiya. Kantunan zamanin gujiya kuwa, waɗanda su ne shaidar yadda aka fara, babu wanda ya ɗauke su abin tarihi. Filin da suke kai ya fi ginin daraja a idon mai saye, kuma ɗalibin da yake wucewa ta gabansu bai san abin da aka taɓa aunawa a ciki ba.

A Fabrairun 2021 gwamnatin Nijeriya ta aza harsashin hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 284 daga Kano, ta Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi, shekara 110 bayan isowar jirgin da ya tsaya a Kano ya sa aka fara auna gujiya a bakin gulbi.