Daga Fitsarin Goɗiya Zuwa Filastar Fata

A filayen Manitoba da Saskatchewan na ƙasar Kanada an daɗe ana wani irin kiwon dawaki da ba don sukuwa ake yinsa ba, ba kuma don noma ba. Goɗiyoyi masu ciki ake turkewa a rumfuna tsawon watannin hunturu, a ɗaura musu mazubi, a tara fitsarinsu a kai wata masana'anta da ke garin Brandon. Daga cikinsa ake tace istirojin, sinadarin da jikin mace ke rage samarwa idan al'adarta ta ɗauke, a yi ƙwayar Premarin. An fara sayar da ita a Kanada a 1941, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta amince da ita a 1942.

Kafin a koma kan dawaki, fitsarin mata masu juna biyu ake tarawa. Daga shi Adolf Butenandt a Jamus da Edward Doisy a Amurka suka ware sinadarin a 1929, kowanne da nasa aikin. Sai dai goɗiya ta fi bayarwa da yawa, ga araha.

Da farko maganin na matan da zafi ke taso musu bagatatan ne, da masu gumin dare da rashin barci. Wanda ya mai da shi abin yayi wani likitan mata ne a New York, Robert Wilson. Littafinsa Feminine Forever na 1966 ya ɗauki ɗaukewar al'ada a matsayin cuta, ya ce kowace mace ta sha istirojin har ƙarshen rayuwarta. Daga baya ta bayyana cewa kamfanonin magani na zuba wa gidauniyarsa kuɗi. A wancan zamani miligram 1.25 a rana ba abin mamaki ba ne a takardar likita.

Kasuwa ta fara tangarɗa a 1975, lokacin da bincike biyu suka nuna masu shan istirojin shi kaɗai sun fi sauran mata kamuwa da sankarar mahaifa da ninki huɗu zuwa bakwai. Aka rage ƙwayar zuwa 0.625, aka haɗa ta da wani sinadarin, furojestin, mai kare bangon mahaifa. Ciniki ya farfaɗo, har a shekarun 1990 Premarin ta shiga sahun gaba cikin magungunan da likitocin Amurka suka fi rubutawa. An yi imani tana kare zuciya da ƙashi.

Duk wannan hada-hadar, akwai matan da aka bari a bakin ƙofa: masu lupus, ciwon da garkuwar jiki ke juyowa ta kai wa fata da gaɓoɓi da ƙoda farmaki. Likitoci na da hujjar ɗar-ɗar. Tara cikin goma na masu ciwon mata ne, kuma ya fi kama su a shekarun haihuwa, lokacin da istirojin ke da yawa a jiki. A shekarun 1970 Norman Talal da abokan aikinsa a San Francisco sun gwada wasu ɓeraye masu gadon ciwon: waɗanda aka ba istirojin suka mutu da wuri, waɗanda aka ba sinadarin maza suka yi tsawon rai. Daga nan hani ya kafu.

Abin takaicin shi ne suna cikin waɗanda suka fi buƙata. Maganin cyclophosphamide da ake ba su idan ciwon ya taɓa ƙoda yana iya ɗauke wa mace al'ada tun tana 'yar shekara talatin da wani abu, ƙwayoyin siteroyid kuma na cinye ƙashi a hankali. Ciwon ya fi yawa, ya kuma fi tsanani, a tsakanin baƙaƙen fata mata a Amurka. Shekara da shekaru ana hana mace magani saboda abin da ya sami ɓera, ba tare da an gwada a jikin mutum ba.

Likitoci biyu mata, Jill Buyon ta New York da Michelle Petri ta Johns Hopkins, su suka ce a gwada. Bincikensu mai suna SELENA ya fara ɗaukar mata a 1996, ya tara 351 a cibiyoyi 16, dukkansu al'ada ta ɗauke musu kuma ciwon nasu a kwance yake ko bai cika motsi ba. An raba su biyu na tsawon shekara guda: wasu na shan maganin gaske, wasu ƙwayar da ba komai a cikinta. Ba a ɗauki wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya ba, ko wadda gwaji ya nuna tana da yawan sinadaran garkuwa da ake kira antifosfolifid, masu sa jini yin guda.

Ana cikin haka ƙasa ta girgiza. A watan Yulin 2002 aka dakatar da wani ɓangare mai mata 16,608 na babban binciken gwamnatin Amurka, Women's Health Initiative. A cikin kowace mata 10,000 da suka sha haɗin istirojin da furojestin a shekara, an sami ƙarin mutum 8 masu sankarar mama, 8 masu shanyewar ɓarin jiki, 7 masu ciwon zuciya, kodayake karayar ƙugu ta ragu. Ƙarin bai taka kara ya karya ba idan mace guda ake magana, kuma matsakaicin shekarun matan 63 ne, sun girmi masu fama da zafin jiki nesa ba kusa ba. Jaridu ba su tsaya wannan lissafin ba. Miliyoyin mata suka watsar da ƙwayar, gonakin goɗiyoyi da yawa a Kanada suka rasa kwangila.

Nan ne ƙaramin awo ya sami shiga. A 2003 aka amince da ƙwayoyin haɗi masu miligram 0.45 da 0.3, wato har rubu'in abin da aka saba sha a zamanin Wilson. Filastar da ake mannawa a fata ma ta sami karɓuwa, musamman bayan binciken ESTHER na Faransa ya nuna a 2007 cewa istirojin na haɗiya yana ninka haɗarin daskarewar jini kusan sau huɗu, na fata kuwa ba a ga ya yi haka ba, domin ba ya bi ta hanta da farko.

Sakamakon SELENA ya fito a 2005. Mummunan tashin ciwo ya sami mata 13 cikin 174 masu shan magani, da 8 cikin 177 na ɗaya ɓangaren, bambancin da bai kai a ɗora wa maganin laifi ba. Ƙananan tashi, irin ƙuraje da ciwon gaɓoɓi, sun ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wani gwajin a birnin Meziko mai mata 106 bai ga ciwon ya ƙara motsi ba, amma daskarewar jini ta fi bayyana a masu shan maganin. Ashe barazanar ta fi karkata ga jijiyoyin jini fiye da garkuwar da aka yi shekaru ana tsoro.

A kan haka ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta gina jagorarta ta 2020: mai lupus da zafin jiki ya addabe ta, ciwonta a kwance, gwajin antifosfolifid ɗinta kuma bai nuna komai ba, za a iya ba ta, wadda ke da waɗannan sinadarai a bar ta. Likitoci da yawa yanzu filasta mai ƙaramin awo suke zaɓar wa irin wannan mace. Amma SELENA tsohuwar ƙwaya ta 0.625 ya gwada, irin ta fitsarin goɗiya, don haka zaɓin filastar ya fi dogara ne da abin da aka gani a jikin matan da ba su da lupus.