Uwar garke

uwar garke (suna, mace, jam'i: iyayen garke)

1. Babbar saniya ko tunkiya da sauran dabbobi ke bi a garke. Inda ta sa gaba, nan suke nufa.

2. A fannin kwamfuta: babbar na'ura mai adana bayanai, tana rarraba su ga sauran kwamfutocin da aka haɗa da ita. Ma'aikata kan ce *saba*. Yawanci tana aiki da manhajar Linux ko Windows Server, kuma ba a kashe ta dare da rana. Tun daga 2015, da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ɗalibai suka san muhimmancin uwar garke, don idan ta tsaya, zauren jarrabawa gaba ɗaya ya tsaya.

Mai kula da wannan na'ura shi ke buɗe wa sabon ma'aikaci asusu, ya rufe na wanda ya bar aiki, ya sabunta manhaja, ya kwafi bayanai ya ajiye a wani wuri daban. A ganina kwafin nan ne ya fi komai nauyi, kuma shi aka fi yi wa sakaci. A Bauchi akwai ƙarin ɗawainiya: ƙurar hunturu kan toshe fankar na'urar har ta yi zafi ta mutu, sai an buɗe an hure. Ga ɗaukewar wuta, wadda ke tilasta tanadin batura ko sola.

*Misali:* "Yallaɓai, uwar garken ofishinmu na Miri ta tsaya, a tayar da janareta."