Kaili ko Wazani: Nazari a kan Daidaiton Ma'aunin Albarushi wajen Sake Ɗura Harsashi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba saɓanin da ya daɗe tsakanin masu sake ɗura harsashi da hannunsu, musamman a Amurka, a kan ko ma'aunin cika ya wadatar wajen zuba albarushi, ko kuwa wajibi ne a ɗora kowane zubi bisa mizani. Hisabi ya nuna cewa hukuncin yana rataye ne da nisan harbi da girman zubi, kuma waɗanda suka wajabta mizani a kan kowa sun tsananta ba tare da hujja ba.

Gabatarwa

Muddin baƙin albarushi ne a hannun mutane, awo da cika ya ishe su, kamar yadda har yau ya ishi maharbanmu masu bindigar toka. Amma tun da Paul Vieille ya fito da albarushi marar hayaƙi a Faransa cikin 1884, wanda kaɗan daga cikinsa yake yin aikin mai yawa na wancan, sai ɗan bambancin da a da ba a kula da shi ya zama abin tsoro. Ana auna albarushi da giren, wanda 7,000 daga cikinsa suke cika laba ɗaya, wato kowane giren miligiram 64.8 ne. Kayan aikin kuwa iri biyu ne: ma'aunin cika, irin su Lyman 55 da RCBS Uniflow, wanda yake da rami cikin ganga mai juyawa, albarushi ya cika ramin, a juya hannu ya zube cikin kwanso, da kuma mizani, wanda na yau da kullum yake rarrabe giren 0.1.

Bitar ra'ayoyi

Masu riƙo da kaili, wato awo da cika, hujjarsu gajeruwa ce: masana'antun harsashi da cika suke awo, haka kuma da yawa daga gwanayen gasar Benchrest ta yadi 100 da 200, waɗanda ba a fi su tara harbi wuri guda ba.

Masu wajabta wazani, wato awo da mizani, su ne muke da magana da su. Sun dogara da cewa idan aka ɗora zubin ma'aunin cika bisa mizani, akan ga yana hawa yana sauka, kuma wannan gaskiya ne, illolinsa ma sanannu ne. Albarushi mai ƙwaya zagaye, wanda Fred Olsen ya ƙago a kamfanin Western Cartridge cikin 1933, yana kwarara sumul ya cika ramin daidai. Mai siffar guntayen sanda kuwa yakan gitta wa juna ya bar gurabe, bakin ganga yakan datse wasu har mai awo ya ji hannun ya cije, wani lokaci ma ya toshe maƙogwaron ma'auni, wannan kwanso ya sami kaɗan, na bayansa ya sami ƙari. Yawan albarushin da ke cikin tulun ma'auni, da ƙarfin juya hannu, da lantarkin gogayya da ke manne ƙwayoyi jikin roba, duk suna da tasiri, kamar yadda kowane mai awo a kasuwa ya san mudun da aka jijjiga ya fi wanda ba a jijjiga ba ɗauka. Inda masu wajabta wazani suka zame shi ne, sun tabbatar da samuwar bambanci, amma ba su tambayi nawa ne yake isa ga allon bara ba, alhali nan ne mas'alar take. Ƙari a kan haka, al'adar da ta yaɗu ta gwada ma'auni da zubi biyar rak ba ta tsayar da hujja ga kowane ɓangare, domin ilimin ƙididdiga ya tabbatar da cewa tazarar da ake tsammani tsakanin mafi nauyi da mafi sauƙi ninki 2.3 ce na matsakaicin karkacewa a zubi 5, ninki 3.1 a zubi 10, ninki 4.1 a zubi 30.

Hanyar bincike

An bi hanyar hisabi, bisa ƙa'idoji biyu: cewa saurin harsashi yana sauyawa kusan gwargwadon sauyawar zubi, da cewa faɗuwarsa tana bin lokacin tafiya ninke da kansa. An ɗauki misalin harsashin doguwar bindiga mai kauri inci 0.308, zubi giren 40, sauri ƙafa 2,700 a daƙiƙa. Waɗannan alƙaluma na lissafi ne kawai, ba umarnin ɗuri ba.

Sakamako

Kuskuren giren 0.1 cikin giren 40 kashi ɗaya ne cikin 400, wanda yake daidai da kimanin ƙafa 7 a daƙiƙa, kuma tun da faɗuwa tana bin lokaci ninke da kansa, za ta sauya da kashi ɗaya cikin 200. A yadi 100 harsashi yana tafiya ɗan fiye da ushirin daƙiƙa, ya faɗi kimanin inci 2.5, kashi ɗaya cikin 200 na wannan kimanin milimita 0.3 ne, wato bai kai kashi ɗaya cikin 20 na faɗin hudar da harsashin kansa yake yi a takarda ba. Ko da a ƙaddara ma'auni ya karkace da giren 0.3, abin da zai bayyana kimanin milimita ɗaya ne, wanda iska mai rauni takan shafe shi. Ashe ke nan gwanayen Benchrest da suke zubi ba mizani ba sakaci suke yi ba; gogewa ce ta kai su ga abin da lissafi yake tabbatarwa.

A yadi 1,000 kuwa al'amarin yakan juya baki ɗaya, domin harsashi yana tafiya kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi, ya faɗi fiye da ƙafa 30, kusan inci 400, sai giren 0.1 ɗin nan da ba a ganinsa ya zama inci 2 sama ko ƙasa. Da'irar tsakiya a allon gasar F-Class faɗinta inci 5 ne, mai bi mata inci 10. Saboda haka karkacewar giren 0.3 ta kowace fuska, wadda take baza harbi cikin inci 12, ta isa ta fitar da gwani daga da'irorin biyu ko da saitinsa bai kuskure ba. Wanda yake wannan nisa, in ya nemi mizani mai rarrabe miligiram ɗaya, yana ƙara albarushi ƙwaya ƙwaya, ba za a ce ya yi wasuwasi ba.

Fuska ta uku ita ce ƙaramar bindiga, inda zubi yakan kasance wajen giren 4. Nan giren 0.1 kashi ɗaya ne cikin 40, ninki goma na misalin farko, ga shi kuma matsin da ke cikin bututu yana hawa da sauri fiye da hawan zubi. A nan damuwar ta lafiyar mai harbi ce kafin ta bara, mafi munin haɗari kuwa shi ne zubi biyu cikin kwanso ɗaya, ko kwanson da bai sami kome ba, kuma maganinsu duban cikin kowane kwanso da ido.

Iyakar bincike

Ba mu musun cewa wannan hisabi kusantarwa ne: bai shigar da girgizar bututu ba, ko bambancin cikin kwanso da na abin kunna wuta, ko laimar da albarushi yake sha ta sauya nauyinsa. Sai dai waɗannan duka suna ƙara ruɗani ne da ke lulluɓe ɗan bambancin zubi, don haka ba su raunana hukuncinmu a kan harbin kusa.

Kammalawa

Ra'ayin da ya rinjaya shi ne tafsili. Ma'aunin cika ya wadatar a harbin kusa, da sharaɗin a daidaita shi da mizani tun farko, a gwada shi da zubi 30 ɗaya bayan ɗaya, a riƙa juya hannu iri ɗaya, a kuma nisanci iyakar zubin da littafin masu yin albarushi ya ƙayyade. Wazanin kowane zubi ya zama wajibi ga mai harbin nesa, da mai albarushin da ke toshe ma'auni, da duk wanda zubinsa ya kusanci wannan iyaka.