Laburaren Titi na 135 a Harlem: Tarihin Baje Kolin Zane da Kayan Tarihi

Laburaren Titi na 135 a da reshe ne na Laburaren Jama'a na birnin New York a Amurka. An buɗe shi a unguwar Harlem a 1905 da kuɗin da attajirin nan Andrew Carnegie ya bayar. Da farko ɗakin aron littattafai ne kawai irin na kowace unguwa. Abin da ya ɗaga sunansa shi ne ya mai da bangonsa wurin nuna zane-zane da kayan tarihin baƙaƙen fata, a zamanin da manyan gidajen baje koli na birnin ba su cika kula su ba.

Sauyin ya faro ne daga unguwar kanta. Tun daga shekarun 1910 baƙaƙen fata suka riƙa kwararowa Harlem daga jihohin kudu da tsibiran Karibiyan. Da aka naɗa Ernestine Rose shugabar reshen a 1920, sai ta ga mutanen da ke shigowa daban, abin da ke cikin littattafan daban. Ita baturiya ce, amma ta ɗauki baƙaƙen fata aiki, cikinsu har da Catherine Latimer. A 1921 aka shirya baje kolin ayyukan masu zane baƙaƙen fata a laburaren, a 1925 kuma aka ware sashe na musamman don adabinsu da tarihinsu da hotunansu.

Kayan da suka cika sashen yawanci na mutum ɗaya ne, Arturo Alfonso Schomburg, haifaffen Puerto Rico a 1874. Ana ruwaito cewa yana ɗan makaranta aka ce masa baƙar fata ba ta da tarihi, shi ya sa ya ƙare rayuwarsa yana bin shagunan tsofaffin littattafai da albashinsa na ma'aikacin banki. A 1926 gidauniyar Carnegie ta biya dala 10,000 aka saye tarin nasa: dubban littattafai, rubuce-rubucen hannu da hotuna. Kuɗin bai taka kara ya karya ba idan aka dubi darajar kayan. Daga 1932 har rasuwarsa a 1938 shi ke kula da su, a 1940 aka sa wa sashen sunansa.

Zanen da ya fi shahara a nan na Aaron Douglas ne, manyan alluna huɗu da ya yi a 1934 da tallafin gwamnatin tarayya, lokacin karayar tattalin arziki. Sun bi labarin tun daga Afirka, zuwa bauta da 'yantarwa, har ƙaura zuwa birane. Mutanen ciki kamar inuwa suke, ba a fitar da kamannin fuskokinsu ba, da'irorin haske na ratsa su. A allon ƙarshe wani mai busa yana tsaye kan ƙaton ƙarfen injin, dogayen benaye sun kewaye shi.

Masu zane sun amfana da littattafan kamar yadda masu karatu suka amfana da bangon. Jacob Lawrence, ɗan unguwar, a ɗakin karatun nan ya yi binciken da ya kai shi ga jerin zanensa kan Toussaint L'Ouverture na Haiti, da kuma alluna 60 kan ƙaurar baƙaƙen fata da ya kammala a 1941. Ko ɗakin ƙasa bai zauna haka nan ba: daga 1940 wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta riƙa wasa a cikinsa, wadda Sidney Poitier da Harry Belafonte suka yi zamani a cikinta.

Jean Blackwell Hutson ta shugabanci sashen daga 1948 zuwa 1980. A zamaninta, a 1972, aka ɗaga shi zuwa cibiyar bincike mai suna Cibiyar Schomburg, aka kuma yi masa sabon gini a 1980. A ƙarƙashin daɓen wani zaure da aka ƙara a 1991 aka binne tokar gawar mawaƙi Langston Hughes. Yanzu cibiyar tana riƙe da abubuwa sama da miliyan 11, tana kuma ci gaba da baje koli kyauta. Aron littattafai kuwa ya koma reshen Countee Cullen da ke maƙwabtaka da ita.