Son Tay: Wa Ya Kwashe Fursunonin?

Ƙarfe biyu da 'yan mintoci na daren 21 ga Nuwamba 1970, wani jirgi mai saukar ungulu na sojan Amurka ya faɗa tsakar gidan kurkukun Son Tay, kilomita 37 yamma da Hanoi, babban birnin Biyetnam ta Arewa. Da gangan matuƙin ya kayar da shi, domin filin ya yi ƙanƙanta, farfelarsa sai da ta sassare rassan bishiyoyi kafin ya dira. Kyaftin Dick Meadows ya fito da mutum 13, yana shela da lasifika cewa fursunoni su kwanta ƙasa, 'yan'uwansu ne suka zo. Suka bi ɗaki-ɗaki suna ɓalle kwaɗo. Babu kowa.

Dakaru 56 aka zaɓo don wannan aiki, ƙarƙashin Kanar Arthur Simons, shi kuma Birgediya Janar LeRoy Manor yana riƙe da ragamar komai. A sansanin Eglin da ke Filorida aka kafa musu kwatankwacin kurkukun, suka yi ta bita dare da rana har sau 170 ko kusa da haka. Daga Tailan suka taso, suka ratsa sararin Lawos a ƙasa-ƙasa, yayin da jiragen sojan ruwa ke ta shawagi ta wajen Haiphong don ɗauke hankalin masu tsaron sama. Minti 27 suka yi a ƙasa, suka koma babu wanda ya mutu a cikinsu. Ɗaya harsashi ya same shi a ƙafa, ɗaya ya karye a idon sawu. Matuƙa jirgin yaƙi wajen 60 da aka je ɗaukowa kuwa, ko ɗaya ba a gani ba.

Abin da ya fara zuwa bakin mutane shi ne an tona asiri. Wani ne a Washintan ko Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu, ya tsegunta wa Hanoi, aka ce. Zance ne mai daɗin ji, amma kalanda ta ƙaryata shi. Tun ranar 14 ga Yuli aka kwashe fursunonin zuwa wani sabon sansani a Dong Hoi, kusa da Hanoi, wata huɗu ke nan kafin harin. A lokacin ba a ma tara dakarun da za su je ba, balle a fara bita. Sannan wanda ya san za a kawo masa hari ai tarko yake ɗanawa, ya jibge sojoji ya jira. Masu gadin da aka taras a Son Tay kuwa ba shiri aka same su.

To me ya sa aka kwashe su? Kurkukun yana bakin kogin Song Con ne, kuma daminar 1970 ta yi ƙarfi a yankin, har ruwa ya matso kusa da katanga. Akwai kuma matsalar rijiyar sansanin, wadda tsofaffin fursunoni suka ambata bayan sun dawo gida. A nan ne Benjamin Schemmer, wanda ya wallafa littafi a kan harin a 1976, ya kawo wata magana mai ɗaure kai. A wancan lokacin Amurka tana gudanar da wani shiri na sirri mai suna Popeye: jirage na watsa sinadari cikin gajimare a saman Lawos da kewaye don ƙara ruwan sama, hanyar Ho Chi Minh da ake safarar makamai ta koma caɓi. Masu tsara harin Son Tay ba su da labarin shirin. In har wannan ruwa ne ya cika kogin, to Amurka da hannunta ta kori mutanen da take shirin ceta. Ni dai ina ɗaukar wannan a matsayin hasashe. Shirin Popeye gaskiya ne, ambaliyar ma gaskiya ce, amma babu wanda ya iya auna ko ɗigo nawa na ruwan Song Con daga jirgi ya fito. Hukumomin Hanoi kuma sun saba sauya wa fursunoni wuri ba tare da wani babban dalili ba, kuma sansanin Dong Hoi ya fi Son Tay gini mai kyau, a lokacin da duniya ta sa musu ido kan yadda suke riƙon waɗanda suka kama.

Tambayar da ta fi nauyi a wajena ita ce: shin Washintan ta san gidan kango ne? Tun watannin baya hotunan jirgin leƙen asiri na SR-71 ke nuna motsi ya ragu a tsakar gidan, ciyawa tana tofowa, daga baya kuma sai aka sake ganin alamun mutane. Ana saura kwana biyu a tashi, wani saƙo ya iso hukumar leƙen asirin soja ta DIA daga wani ɗan rahoto a Hanoi, a ɓoye cikin kwalin sigari. Saƙon ya jera sansanoni da yawan fursunonin kowanne. Dong Hoi na ciki da mutum sama da ɗari, Son Tay babu. Shugaban hukumar, Janar Donald Bennett, ya kai maganar gaban shugaban hafsoshin sojan Amurka, Admiral Thomas Moorer, aka sanar da Sakataren Tsaro Melvin Laird. Aka ce a tafi. Manor da Simons, waɗanda za su jefa mutanensu cikin wuta, ba a gaya musu ba.

Ana iya fahimtar dalilinsu. An samu labarin mutuwar wasu fursunoni a tsare, guguwar Patsy tana tafe za ta rufe hanya har ma an matso da ranar da kwana ɗaya, kuma gwamnatin Shugaba Nixon tana son nuna wa Hanoi cewa hannunta na kaiwa bakin ƙofarsu. Duk da haka, da Sanata William Fulbright ya tsare Laird da tambayoyi a majalisar dattawa kwanaki kaɗan bayan harin, sakataren kare ingancin bayanan sirrin ya yi, yana cewa ba su da kyamarar da ke hango abin da ke ƙarƙashin rufin gini. Maganar kwalin sigari sai bayan shekaru ta fito.

Akwai ragowar ƙura a wani gefen. Jirgin da ya ɗauko Simons ya yi kuskure ya sauka a wani gida mai kama da kurkukun, mita 400 a kudu, wanda taswira ta kira makarantar sakandare. Sojoji suka taras cike da shi, aka yi ba-ta-kashi na 'yan mintoci. Wasu daga cikin dakarun sun ce mutanen sun fi 'yan Biyetnam tsawo, daga nan aka yi ta cewa Sinawa ne masu ba da horo. Babu gwamnatin da ta tabbatar da hakan.

Fursunonin da ke Dong Hoi sun ji rugugin jirage da makamai a daren. Cikin kwanaki aka kwashe su da na sauran ƙananan sansanoni zuwa kurkukun Hoa Lo a tsakiyar Hanoi, inda ƙarancin wuri ya tilasta zuba su arba'in-arba'in ko fiye a ɗaki guda. Mutanen da suka shekara da shekaru a kaɗaice, ba sa magana sai ta ƙwanƙwasa bango, suka samu damar haɗuwa, suka shirya darussa da ibada, suka yi jinyar marasa lafiyarsu. A farkon 1973, bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta Faris, aka saki fursunonin Amurka 591.