Daga Kalangu Zuwa Fiyano: Tarihin Waƙar Shekara a Ƙasar Gusau

Gabatarwa

A ƙasar Hausa shekara ba ta shuɗewa sai ta bar waƙarta. Kamar yadda dattawa ke lissafin zamani da fari ko yunwa ko naɗin sarki, haka samari da 'yanmata ke lissafa nasu da kiɗan da aka yi yayi. A Turai da Amurka masu sha'awar kiɗan rawa sukan zauna a ƙarshen shekara su jera kundayen waƙoƙin da suka fi burge su, a buga a mujallu. Mutumin Wonaka da na Tsafe da na Bunguɗu su ma suna da irin wannan jeri tun kaka da kakanni, sai dai ƙafafun masu rawa ne suke rubuta shi a ƙasan dandali. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda ake zaɓen waƙar shekara a wannan yanki, tun daga zamanin kalangu har zuwa na fiyano da kwamfuta. Abin da take son tabbatarwa shi ne, kiɗan na'ura ya sami sarauta ne a daidai lokacin da filin rawa ya yi ta ƙanƙancewa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Zamanin Dandali

Wonaka ƙasar noma ce a ƙaramar hukumar Gusau, haka ma Tsafe da Bunguɗu da ke maƙwabtaka da ita. Saboda haka kalandar kiɗa tana bin kalandar gona. Da damina gangar noma ce ke tashe a wajen gayya, tana zuga mazaje a kan kunya. Idan kaka ta yi, aka cika rumbuna, sai bukukuwan aure su kankama, a buɗe fagen dambe da kokawa, 'yanmata su cika dandali da gaɗa a farin wata. Mata a cikin gida suna da kiɗan ƙwarya da shantu. A wannan tsakani ne sabuwar waƙa ke fitowa, ta bi kasuwannin mako daga gari zuwa gari a bakin fatake da 'yan talla. Wadda ta kai bazara ba a gaji da ita ba, ita ce waƙar shekara.

Jagoran wannan fage shi ne kalangu, kuma sirrinsa yana cikin tsarkiyarsa. Makaɗi yana rataye shi a hammata, ya matsa tsarkiya sauti ya hau, ya sassauta sauti ya sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, wannan hawa da sauka ya isa ya sa ganga ta yi magana. Kowace budurwa da ta yi fice tana da takenta, kowane saurayi mai kyauta yana da kirarinsa, kuma da an kaɗa kowa ya san da wanda ake. Makaɗi yana kallon ƙafar mai rawa, in ta yi sauri ya bi ta, in ta gaji ya sassauta mata. Masu ƙananan ganguna suna riƙe masa zaren kiɗa, 'yan amshi suna karɓa. Sana'ar gado ce, yaro yana buɗe ido ya tarar da ita a gidansu.

Yankin bai tsaya ga kiɗan dandali ba. A Rawayya ta ƙasar Bunguɗu aka haifi Salihu Jankiɗi, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu waƙoƙin da har yau ake saurare. Sa'idu Faru da Kassu Zurmi duk 'ya'yan Zamfara ne. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana tattara tarihin waɗannan makaɗa da matanin waƙoƙinsu, abin da ya sa ɗalibi a yau yake da madogara a kansu.

Shigowar Na'ura

Jirgin ƙasa ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920, ya kuma kai Ƙauran Namoda a 1929. Da shi garin ya zama cibiyar cinikin gyaɗa da auduga, baƙi suka yawaita, garmaho ya shigo da faifansa. A 1962 aka buɗe gidan rediyon Kaduna, wanda ya kai muryar Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos har ƙauyukan da ba su taɓa takawa ba. Sai kuma kaset, wanda kamfanin Philips ya fitar a 1963, ya kuma game Arewa a shekarun 1970. Rakoda mai batir ta zama abin ado a ɗakin amarya da teburin mai shayi. A wannan zamani kukuma ta yi tashe a matsayin kiɗan rawar birni, a hannun irin su Garba Sufa da Hassan Wayam, Bazamfaren da ya zauna a Zariya, kuma lasifika ta ƙara mata amo.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan na'urori ɗaukar kiɗa suke yi su adana. Mai kaɗawa mutum ne, fatar akuya ce, tsarkiya ce. Kaset bai kori makaɗi daga biki ba, hasali ma talla ya yi masa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara sa na'ura ta yi kiɗan da kanta a wannan shiyya yana Jamhuriyar Nijar: Mamman Sani, wanda ya naɗi kaset a Yamai a 1978 da fiyanon lantarki na Turawa, sautinsa ya daɗe yana rakiyar shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasar. Amma wannan bai zama kiɗan biki ba a lokacin.

1996 Zuwa 2000: Shekarun Juyi

Sauyi na haƙiƙa ya zo ne ta ƙofar fim. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo. Masu kallo sun riga sun saba da finafinan Indiya masu rawa da waƙa, don haka masu shiryawa suka shiga neman kiɗa mai araha. Binciken Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna cewa a 1996 situdiyon Iyan-Tama da ke Kano ya sayi fiyanon Yamaha, na'urar da ke ƙunshe da sautin ganga da sarewa da goge a cikin akwati guda. A ranar 1 ga Oktoba na wannan shekara aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga Sakkwato, Gusau ta zama babban birni.

Shekaru uku bayan haka abubuwa uku suka haɗu. A watan Yuni na 1999 Mamman Shata ya rasu, kalangu ya yi rashin babban jigonsa. A ranar 27 ga Oktoba, a Gusau, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci, wadda ta fara aiki a watan Janairun 2000. Aka rufe mashaya da gidajen silima, aka sa ido a kan cuɗanyar maza da mata a wuraren taro. A daidai wannan tsakani kamfanin Sarauniya na Kano ya fitar da fim ɗin Sangaya, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki, waƙarsa ta fiyano ta mamaye Arewa. Jama'a da yawa sun yi maraba da gyaran tarbiyya da aka zo da shi, amma tasirinsa a kan kiɗa a fili yake: rawa ta bar titi ta koma tsakar gida. Ƙungiyar makaɗa maza mai mutum bakwai ko goma ba ta da hanyar shiga cikin gidan aure, alhali kaset yana shiga a aljihun ƙanwar amarya.

Sunan da aka laƙaba wa sabon salon ma yana da darasi. An kira shi nanaye, kalmar da aka aro daga amshin waƙoƙin gaɗa. Wato waƙar 'yanmatan dandali ce ta yi ƙaura zuwa situdiyo, ta auri karin Indiya, ta dawo gida a cikin kaset.

Yadda Fiyano Ke Aiki

Tattalin arziki ya taimaka wa wannan juyi. A situdiyo mutum ɗaya ne ke zaɓar bugun ganga daga cikin waɗanda aka riga aka adana, ya daidaita saurinsa, ya ɗora sarewa, ya ɗora goge, hawa a kan hawa. Mawaƙi ya shiga ya rera, mawaƙiya ta yi amshi, a haɗa. Daga baya kwamfuta ta karɓi aikin da manhajoji irin su FL Studio, sannan Auto-Tune, wadda ta fito a Amurka a 1997, ta zo tana miƙe muryar da ta karkace, har wannan ƙarar ƙarfe-ƙarfe ta zama tambarin waƙar zamani. Abin da a da yake buƙatar gida guda na magada, yanzu yaro mai basira yana koyonsa cikin watanni.

Ribar a bayyane take. Wanda bai gaji kiɗa ba ya sami ƙofa, mata irin su Fati Nijar da Maryam A. Baba suka yi suna, aka kuma raba waƙa da kunyar roƙo. Hasarar ita ce ba a cika faɗa ba. Bugun na'ura yana maimaita kansa daidai wa daida, ba ya ganin ƙafar kowa. A da kiɗa ke bin mai rawa, yanzu mai rawa ke bin kiɗa. Taken da ganga ke furtawa ya koma sunan amarya da ango da mawaƙi ke jerawa da baki bayan an biya shi.

Kundi, Memori da Waya

A shekarun 2000 waƙa ta fara 'yantuwa daga fim. Mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita suka shiga fitar da kundin waƙoƙi nasu na kansu, wasu kusan duk shekara, masoya suna jira kamar yadda ake jiran sabon hatsi. A nan ne aka fara musun wane kundi ya fi a bana, a majalisar samari da tashar 'yan acaɓa. Wayar salula, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, ta sauya hanyar rabo. Masu cajin waya da masu tura waƙa a memori suka zama su ne dillalai, abin da suka zuba wa mutumin ƙauye ranar kasuwa shi zai kai gida. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya tattara wasu waƙoƙin finafinan Hausa a kundi mai suna Harafin So, ya kuma sake fitar da aikin Mamman Sani, masu sauraron kiɗan lantarki a Turai suka karɓe su a matsayin sabon abu.

Shekarar 2020, lokacin kullen korona, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ce ta ci shekara, matan aure suna ɗaukar bidiyon rawarta a cikin ɗakunansu, malamai suna ta muhawara. A 2022 Warr da Chass na Ado Gwanja suka cika TikTok, suka kuma tayar da ƙura a kan tarbiyya. Dandali ya koma tafin hannu.

Amma a Wonaka da ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu akwai wani dalili mafi ɗaci. Ta'addancin 'yan bindiga ya hana taron dare, ya tashi garuruwa, ya mai da bikin aure abin da ake gaggautawa kafin faɗuwar rana. Ƙarar ganga da dare, wadda a da take kiran maƙwabta, ta zama abin da ake tsoron ta kira wasu. A 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, a farkon Satumba kuma aka katse layukan waya a faɗin jihar na tsawon makonni. Hanyoyi biyu da waƙa ta saba bi, tsohuwa da sabuwa, suka toshe a lokaci guda. Abin da ya rage shi ne memori da Bluetooth, waya kusa da waya, kamar yadda waƙa ke bi daga baki zuwa baki a zamanin kakanni.

Kammalawa

Idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, in ji Hausawa. Tarihin wannan yanki ya nuna cewa maganar tana karantuwa ta baya ma: da wurin rawa ya sauya, kiɗa ya bi shi. Daga fili zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa ɗaki, daga ɗaki zuwa fuskar waya, kowane mataki ya fi dacewa da na'ura fiye da ƙungiyar makaɗa. Zargin matasa da watsi da al'ada bai wadatar ba, tunda ba su suka rufe dandali ba.

Aiki biyu ke gaban masu nazari, musamman na Jami'ar Tarayya ta Gusau da kwalejojin jihar. Na farko, a naɗi take da kirarin da ke hannun tsofaffin makaɗan kalangu da gangar noma tun suna raye, da yawansu suna zaman gudun hijira a cikin birni. Na biyu, a adana kundayen fiyano su ma, da sunan mai kiɗa da shekarar fitowa, domin memori yana lalacewa, situdiyo yana rufewa, kuma waƙar da aka raina a yau ita ce shaidar da ɗalibin gobe zai nema. Waƙoƙin Jankiɗi da Ɗanƙwairo sun tsira ne saboda wani ya zauna ya rubuta. Ranar da zaman lafiya ya dawo, aka sake share dandalin Wonaka a farin wata, ya kamata a tarar da mai iya matsa tsarkiya da mai iya taɓa fiyano duk suna nan, masu rawa su yi hukunci kamar yadda suka saba.