Ƙawancen Sardauna da Akintola

Tun daga zaɓen 1959 Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau N.P.C., ta ke riƙe da Gwamnatin Tarayya tare da N.C.N.C., wadda ƙarfinta ya ke a Jihar Gabas. Zama ne na dole, ba na ƙauna ba. Abin da ya raba su kuwa shi ne ƙidayar mutane ta 1963. Da aka ba da sakamako cikin Fabrairu 1964, sai aka ce mutanen Nijeriya sun haura miliyan 55, fiye da rabinsu kuma a Arewa su ke. Firimiyan Gabas, Dokta Okpara, ya ce bai yarda ba. Dalili kuwa, da yawan mutane a ke raba kujerun Majalisar Wakilai, ga shi daga cikin kujera 312 Arewa ta tashi da 167.

To, mai karatu ya iya tambaya, wanda ke da rinjaye haka, me zai yi da aboki? Ai 167 ɗin nan ba a aljihun N.P.C. su ke ba, akwai N.E.P.U. ta Malam Aminu Kano, akwai kuma mutanen Joseph Tarka a ƙasar Tibi. Ban da haka, Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa ba su so a ce Arewa kaɗai ke mulkin ƙasa.

A Jihar Yamma kuwa akwai mai neman jingina. Cif Akintola ya ɓata da maigidansa Cif Awolowo tun 1962, Awolowo ya shiga kurkuku cikin 1963, shi kuma ya kafa sabuwar jam'iyya, N.N.D.P. Yana kan kujerar Firimiya a Badun, amma talakawan Yarbawa da yawa zukatansu na wajen wanda ke ɗaure. Mutum ne mai baki, ya kuwa san Arewa, don a Minna ya yi ƙuruciyarsa. Ra'ayinsa shi ne Yarbawa sun daɗe suna hamayya, wasu na cin moriyar gwamnati, gara su matso. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Cikin Agusta 1964 aka ƙulla ƙawancen N.N.A., watau N.P.C. da N.N.D.P. da waɗansu ƙananan jam'iyyu na Kudu. Abokan hamayya kuma, N.C.N.C. da A.G. da N.E.P.U. da mutanen Tarka, suka haɗu a U.P.G.A.

Aka sa zaɓe ran 30 ga Disamba 1964. U.P.G.A. ta yi kukan an hana 'yan takararta da yawa ba da sunayensu, har aka ce 'yan N.N.A. sun ci ba hamayya, saboda haka ta ce kada mutanenta su jefa ƙuri'a. A Gabas ba a yi zaɓen ba sam. N.P.C. ta sami 162, N.N.D.P. ta sami 36. Shugaban Ƙasa Dokta Azikiwe ya yi kwanaki ya ƙi kiran Abubakar ya kafa gwamnati, ƙasa ta yi tsit, kowa na sauraro. Sai da manyan alƙalai suka shiga tsakani, sa'an nan ya kira shi ran 4 ga Janairu 1965, a kan za a sake zaɓe inda ba a yi ba, a kuma sa 'yan N.C.N.C. cikin ministoci.

Inda ƙawancen ya zama kaya shi ne zaɓen Jihar Yamma na Oktoba 1965. Aka ce Akintola ya ci, jama'a suka ce an yi maguɗi, aka shiga ƙone gidaje da motoci, har da mutane. Gwamnatin Ikko, wadda ta karɓe mulkin Yamma cikin 1962 a kan rikicin da bai kai wannan ba, yanzu ta kasa ɗaga hannu, domin mai kujerar abokinta ne.

Ran 14 ga Janairu 1966 Akintola ya zo Kaduna ya gana da Sardauna, ya koma. Kafin gari ya waye soja sun kashe su duka biyu, ɗaya a Kaduna ɗaya a Badun, sun kuma tafi da Firayim Minista daga gidansa a Ikko, sai bayan kwanaki aka tsinci gawarsa. Cikin Mayu Janar Ironsi ya soke jam'iyyu duka.